MAGANIN TSOFAFFINMU: A RUBUTA SUNA, A ADANA DA KYAU

A watan Afrilu, sa'ad da muke zagayen ƙungiyoyi domin duba irin shuka kafin saukar damina, mun sauka a gidan wani ɗan ƙungiya. Ya kai mu ya nuna mana ajiyarsa. Lalle mutumin ya yi aiki. Irin masara dabam, irin gyaɗa dabam, kowane buhu da rubutu a jikinsa, watau sunan iri da shekarar da aka girbe shi. Muka yaba masa ƙwarai. Da za mu tafi, sai muka shiga mu gai da mahaifinsa, tsoho wanda ya haura shekara 70, yana kwance tun bayan kaka.

Bayan gaisuwa, tsohon ya sa jikarsa ta sauko masa da wani gwangwanin madara daga kan bango, dab da kwanon rufi. Ya ce, "Malam, ga magungunana, duba mini ko sun kusa ƙarewa." Muka zazzage a kan tabarma. Ƙwayoyi farare da jajaye da rawaya duka a haɗe. Waɗansu a ƙulle cikin guntun jarida, waɗansu sun soma narkewa har sun manne da juna. Babu ko ɗaya mai suna.

Muka ce, "Baba, wanne ne na hawan jini?"

Ya ce, "Farin nan, ƙaramin."

Farare ƙanana kuwa iri uku ne. Surukarsa ta ce ɗaya daga ciki na ciwon sukari ne, na marigayiya uwar mijinta, an bar shi ne don kada kuɗi su tafi a banza. A kan bangon nan kuma, kusa da inda gwangwanin yake zama, ga kwalbar lemo, rabinta maganin ciyawa ne.

Abin ya tsaya mana a rai. Gidan da aka san a rubuta suna a buhun masara, ba a rubuta kome a kan abin da maigida tsoho yake haɗiya safe da yamma ba. Ba don ba a ƙaunarsa ba ne. Ba a dai taɓa koya wa kowa ba. Mun kuwa tabbata ba gidan nan kaɗai ba ne.

JIKIN TSOHO BA KAMAR NA SAURAYI BA NE

Ƙoda da hanta su ne suke fitar da magani daga jiki. In shekaru suka yi nisa, aikinsu yana raguwa, sai magani ya daɗe a jini fiye da yadda yakan daɗe a jikin saurayi. Kuskuren da mai shekara 30 zai yi ya tashi lafiya, yana iya kwantar da mai shekara 75.

In tsoho ya sha maganin hawan jini sau biyu bisa mantuwa, jiri yana iya ɗibarsa ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. In ya sha maganin ciwon sukari wanda ba nasa ba, ko ya sha nasa bai ci abinci ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa, ya yi ta gumi da rawar jiki, ya rikice, har ya suma. Mutanen gida sai su ce tsufa ne, ko su ce iska ce. Ga shi kuma ido ya rage gani, tunani ya soma gudu, magunguna kuwa sun yi yawa: na hawan jini, na sanyin ƙashi, na ido, na barci.

ABIN DA AKA GANO A GIDAJEN KULA DA TSOFAFFI

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje na musamman inda tsofaffi marasa ƙarfi suke zama, ma'aikata suna lura da su dare da rana. Mutum zai yi tsammani a irin wannan wuri ba a kuskure da magani. Ba haka ba ne. A shekarar 2009 aka buga wani bincike da masana suka yi a Ingila. Sun duba tsofaffi 256 a gidaje 55. Kowane tsoho, in aka daidaita, yana shan magani iri 8. Sun tarar kusan 7 cikin kowane 10 an yi masu kuskure aƙalla ɗaya a sha'anin maganinsu. Daga cikin dalilan da suka samu akwai takardun da ba a rubuta su daidai ba, da saƙon baka maimakon rubutu, da yawan katse ma'aikaci sa'ad da yake cikin rabon magani, da rashin horo.

Saboda irin wannan hatsari ne aka kafa wa gidajen nan dokoki masu tsanani. A Amurka, inda aka yi babbar dokar gyaran gidajen a 1987, ƙa'ida ita ce kowane magani ya kasance da takarda mai bayani da ranar da zai daina amfani. A ajiye shi a kulle, a wurin da zafi bai wuce kima ba, mabuɗi kuma a hannun waɗanda aka ba izini kaɗai. Magunguna masu bugarwa suna da nasu makulli dabam. Masanin haɗa magunguna kuma yana duba dukan abin da kowane tsoho yake sha aƙalla sau ɗaya a wata. A Ingila kowane tsoho yana da takardarsa, duk wanda ya ba shi magani sai ya sa hannu nan take. Firjin magani ana auna sanyinsa kowace rana a rubuta, ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Maganin da aka rubuta wa wani ba a ba wa wani, ko da ciwonsu ɗaya ne.

To, 'yan'uwa, a ƙasarmu irin gidajen nan kaɗan ne, a manyan birane. A ƙauye ɗakin Baba da ɗakin Kaka su ne gidan kula da tsofaffi. Ma'aikatan kuwa mu ne, da matanmu da 'ya'yanmu. In waɗanda aka horar suna kuskure haka, ina ga mu da muke haɗa jinya da noma da girki da kiwo? Ba mu da firji da ma'aunin zafi, amma gindin dokokin nan abu huɗu ne, kowa kuwa yana iya yinsu: rubutu, wurin ajiya, makulli, da mutum ɗaya mai ɗaukar nauyi.

RUBUTU

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ƙwayoyi da yawa farare ne ƙanana, ko malamin asibiti ba ya iya rarrabe su da ido in an fitar da su daga mazubinsu. Saboda haka doka ta fari ita ce, kowane magani ya zauna cikin kwalinsa ko ledarsa, shi kaɗai. Kada a ɓare ƙwaya daga takardar da aka liƙe ta sai lokacin sha ya yi. A jikin kowane mazubi kuma a ga abubuwan nan:

1. Sunan mai magani.
2. Sunan maganin da ƙarfinsa.
3. Ciwon da ake sha dominsa.
4. Ƙwaya nawa, sau nawa a rana, kafin abinci ko bayansa.
5. Ranar da aka karɓo shi.
6. Ranar da zai daina amfani.

Kada mu bar asibiti ko kyamis sai an rubuta mana waɗannan. Ba rashin kunya ba ne mu ce, "Don Allah malam, rubuta mini sunansa." In aka rubuta 1 x 3, ana nufin ƙwaya ɗaya sau uku a rana. In aka rubuta 2 x 1, ƙwaya biyu ke nan sau ɗaya. Amma mu maimaita wa malamin da bakinmu, ya tabbatar mun fahimta, gama ba kowa yake rubutawa iri ɗaya ba.

Sunan magani yana da muhimmanci domin magani ɗaya yana iya zuwa da sunaye dabam dabam. Panadol da farasitamol abu ɗaya ne, yawancin magungunan mura kuma da farasitamol a cikinsu. In ɗa ya kawo wannan daga birni, 'ya ta kawo wancan daga kasuwa, tsoho ya haɗa duka, hantarsa ce za ta biya. Babba mai lafiya ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana, tsoho ramamme kuwa ƙasa da haka.

A jikin kwali za mu ga haruffa EXP da lamba. In an rubuta EXP 08/27, watau magani yana da amfani har ƙarshen watan takwas na 2027. Haruffa MFD ko MFG ranar da aka yi shi suke nunawa, kada a rikita su. Mu duba lambar NAFDAC kuma, hukumar da aka kafa a 1993 domin lura da abinci da magunguna. Maganin da ake ƙirga wa mutum a tafin hannu daga tire a ranar kasuwa, bayan ya wuni a rana, ba shi da suna, ba shi da ranar ƙarewa, ba wanda zai amsa in ya yi ɓarna.

Amma rubutun da ba a iya karantawa daidai yake da babu. Bari mu ba da misali daga sha'anin noma, tun da shi muka fi sani. A ƙarshen 1971 aka shigo da irin alkama ƙasar Iraƙi daga Meziko, wanda aka wanke da magani mai zaiba domin kada ya ruɓe a ƙasa. An rina shi ja, an kuma rubuta gargaɗi a buhunan, amma da Sifaniyanci da Turanci, manoman kuwa Larabci suke ji. Irin ya iso a makare, shuka ta wuce a wurare da yawa. Mutane suka wanke jan launin, suka ɗauka dafin ya fita, suka niƙa suka yi gurasa. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can. Gargaɗi yana nan a buhu, amma bai isa ga mai ci ba.

Saboda haka mu rubuta da Hausa, ko da harshen da ake ji a gida, da manyan baƙaƙe. Wanda bai yi makaranta ba, a zana masa hoto: rana tana fitowa, rana tsaka, rana tana faɗuwa, da wata domin dare. A ƙarƙashin kowane hoto a zana ɗigo daidai da yawan ƙwayar da za a sha. In Baba da Kaka suna ɗaki ɗaya, kowa da akwatinsa. A ɗaura jan zare a na ɗaya, baƙi a na ɗayan.

WURIN AJIYA

Abin da yake ɓata hatsi a rumbu shi yake ɓata magani: zafi da laima. A ƙara da hasken rana. Yawancin kwalaye suna cewa a ajiye ƙasa da digiri 30, waɗansu 25. A bazara kuwa zafinmu yakan kai digiri 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka. Kan bango dab da rufi, inda muka fi son ajiya don yara, shi ne wuri mafi zafi a ɗakin. Magani da ya sha zafi yana iya rasa ƙarfinsa tun ranar ƙarewarsa ba ta zo ba, ido kuwa ba koyaushe yake ganewa ba. Tsoho ya yi ta sha, hawan jini yana nan yadda yake.

A nemi ɗakin da ya fi sanyi. Ɗakin ƙasa mai jinka ya fi na kwano. A sa magunguna cikin ƙaramin akwati mai kwaɗo, a ajiye shi a inuwa, nesa da taga, nesa da murhu da wurin wanka. Kada a ajiye a ɗakin girki. Kada a bari a aljihun riga ko ƙarƙashin matashi, inda gumi yake jiƙa shi. Da damina a sa ledojin cikin kwalba ko roba mai marfi da yake rufuwa sosai. In ƙwaya ta sake launi, ko ta farfashe, ko ta yi danƙo, ko asfirin ya soma warin tsami, a daina amfani da shi a koma asibiti.

Maganin ɗigawa a ido, a rubuta ranar da aka buɗe shi. Bayan mako huɗu ba a ƙara amfani da shi sai in malamin asibiti ya ce, domin ƙwayoyin cuta suna iya shiga kwalbar.

Allurar insulin ta masu ciwon sukari ita ta fi wuyar ajiya. Wadda ba a buɗe ba wurinta firji ne, amma ba gefen ƙanƙara ba, gama in ta daskare ta lalace. Game da wadda aka buɗe, akwai labari mai ƙarfafa zuciya. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka buga sakamakon gwajin da suka yi bisa irin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a arewacin Kenya, inda yakan sauka digiri 25 da dare ya hau 37 da rana. Sun tarar insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗu. Duk da haka bazararmu takan wuce wannan, sai a taimaka masa da tukwane. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Wannan ita ce dabarar da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa domin ajiyar kayan miya, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Ta fi aiki da rani sa'ad da iska take a bushe. Kwalbar allurar a sa ta cikin roba mai marfi tukuna. Kada a tsoma ta cikin ruwa, takardar jikinta za ta saɓule.

MAKULLI, DA RABA MAGANIN MUTUM DA NA GONA

A nan mu manoma hatsarinmu ya fi na gidajen Turai. A gida ɗaya muna da maganin mutum, da na dabbobi, da na wanke iri, da na feshi, da fiya-fiya, da na ɓera. Duka kuwa sunansu "magani". In aka aiki yaro da dare, "Je ka ɗauko wa Baba magani," me zai ɗauko?

Maganin gona da na dabbobi kada su kwana ɗaki ɗaya da na mutane. A yi masu wuri dabam a waje, a kulle. Kada kuma a taɓa juye su cikin kwalbar lemo ko tsohuwar kwalbar maganin tari, ko da an sayo kaɗan ne daga maƙwabci. Maganin ciyawa irin Gramoxone, kurɓa ɗaya tana iya kashe babban mutum, ba shi kuwa da makari. Tsohon da ba ya gani sosai, da jikan da yake rarrafe a ɗakinsa, su biyu ne suka fi kusa da wannan hatsari.

MUTUM ƊAYA, LITTAFI ƊAYA

Sau da yawa ga yadda kuskure yake faruwa. Suruka ta ba Baba magani da safe ta tafi rafi. Ɗa ya dawo daga gona ya tambaya, Baba ya ce bai sha ba, gama ya manta. Sai a sake ba shi. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi.

Iyali su zaɓi mutum ɗaya mai natsuwa, shi zai riƙe mabuɗi, da mataimaki ɗaya domin ranar da ba ya nan. A sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. A ja layi: kwanan wata, safe, rana, dare. In an ba da magani, a tsaya har an haɗiye, sa'an nan a sa alama nan take. In an manta an tsallake lokaci ɗaya, kada a ninka a na gaba. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin da akwatin gaba ɗaya, har da na gargajiya da ake jiƙa wa tsoho, malamin ya ga kome. Maganin hawan jini da na sukari kuma ba a dainawa don mutum ya ji sauƙi, sai da izinin likita.

In an yi kuskure, kada a ɓoye don tsoron faɗa. A ɗauki mara lafiya da mazubin abin da ya sha a tafi asibiti. In mai ciwon sukari ya soma gumi da rawar jiki amma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari kafin a kama hanya. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki.

Maganin wanda ya rasu, da wanda likita ya canja, da wanda ranarsa ta wuce, a fitar da su daga akwati a mayar wa malamin asibiti. Kada a zubar a juji inda yara da awaki suke tono, ko kusa da rijiya. Mun san kuɗi aka sa, zubarwa da ciwo. Amma asarar ƙwaya goma ta fi sauƙi a kan asarar rai.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna ba da shawara kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu masu karatu, namiji da mace, su riƙa ziyartar gidajen da ake jinyar tsofaffi sau ɗaya a wata, musamman gwauraye da waɗanda 'ya'yansu suke birni. Zumuntar mata sun riga sun saba da ziyara, sai a ƙara duba akwati a kan gaisuwa. Masu ziyara ba likitoci ba ne, kada su canja wa kowa magani. Aikinsu su duba rubutu da rana da wurin ajiya, abin da ya shige masu duhu su kai wa malamin asibiti. Kafinta na ƙungiya yana iya yin ƙananan akwatuna daga ragowar katako, a sayi kwaɗo daga asusu. A kuma gayyaci malamin asibiti zuwa taro sau ɗaya a shekara, kowa ya zo da abin da yake ajiye a gida.

Shi tsohon da muka fara labarinsa, ɗansa ya kai shi asibiti tare da gwangwanin. Kaɗan ne malamin ya iya ganewa, sauran ya karɓe. Aka sake auna shi, aka rubuta masa magani iri biyu kawai. Da muka koma bayan shuka, muka tarar akwati a rataye a ɗakin jinka, kwalbar maganin ciyawa ta koma bukkar kayan gona, littafi kuma yana hannun jikarsa ta aji shida. Tsohon yana zaune a ƙofar ɗaki yana tufkar igiya. Ya yi dariya ya ce, "Malam, yanzu yarinyar nan ita ce likitana. Ko na ce na sha, sai ta duba takarda."

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Su suka yi mana noma muka girma, wannan ɗan aiki bai fi ƙarfinmu ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Tsofaffi nawa ne a ƙauyenmu suke shan magani kowace rana? Wa yake ba su?
2. A gidanka, ina maganin gona yake kwana, ina kuma na mutane?
3. Su wa za mu zaɓa domin ziyara, a wace rana kuma za su fara?